LAIMAR KWAƊI DA DANGINTA: ABIN DA KE FITOWA A KAN RUƁAƁƁEN ICCE A ƘASAR BICI

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar watan Agusta, in ya iso ƙasar Bici, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, da wuya idonsa ya faɗa kan daji. Gona ce ke bin gona. Gero ya fid da kai, dawa ta yi duhu, gyaɗa da wake sun shimfiɗu a ƙarƙashinsu, ga kuma ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo tsaye jefi-jefi a tsakiyar shuka, kowace da mai ita. A irin wannan ƙasa icce ba ya faɗuwa ya kwana biyu a yashe, kafin a ankara an faskare shi an kai murhu. Amma duk da haka, a gindin shinge, da bayan rumbu, da kan kututturen da ya gagari gatari, da ƙarƙashin indararo inda ruwa ke jiƙa azara, akwai waɗansu halittu da kan fito dare ɗaya in an jera kwana biyu ko uku ana ruwa. Waɗansu kamar laima, waɗansu kamar kunne, waɗansu kamar faifai a manne da gindin itace, waɗansu kuwa kamar an zubar da kwaɓaɓɓen ƙwai a kan ɓawo.

Galibin mutane ba sa ko waiwayarsu. Manomi ya sa fartanya ya kankare, yaro ya sa ƙafa ya shure, a wuce. Alhali kuwa sanin waɗannan halittu ba ƙaramin amfani ne da shi ba. A cikinsu akwai wanda in yaro ya ci zai kwana asibiti. Akwai wanda fitowarsa a gindin darbejiyar makaranta alama ce cewa itacen ya ruɓe daga ciki, iska mai ƙarfi na iya kayar da shi a kan aji. Akwai kuma waɗanda ba don aikinsu ba, da kara da ganye da kashin dabbobi da ake zubawa a gona ba su zama taki ba. Saboda haka ya kamata ɗalibai da malaman gona da na daji da duk ma'aikacin da ke hulɗa da mutanen karkara su san yadda ake rarrabe su.

BA TSIRE-TSIRE BA NE

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, laimar kwaɗi da naman kaza da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da ke kumbura burodi, duk 'yan gida ɗaya ne. Shekaru aru-aru masana suna lissafa su cikin tsire-tsire, domin sun ga ba sa tafiya. Sai a shekarar 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu babban rukuni nasu na kansu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sun ma fi kusa da dabbobi a kan tsire-tsire. Tsiro yana da koren ganye, yana haɗa abincinsa da hasken rana. Su kuwa ba su da wannan baiwa, sai dai su ci abin da wani ya riga ya haɗa, ko yana raye ko ya mutu. Ya zuwa yanzu an ba kimanin iri 150,000 suna, amma wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya nuna cewa yawansu a duniya zai kai tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8.

Abin da ido ke gani a kan kututture ba shi ne ainihin jikin halittar ba. Jikinta waɗansu siraran zaruruwa ne farare, sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, waɗanda ke ratsa cikin iccen suna fitar da ruwan da ke narkar da shi suna tsotsewa. In aka ɓanɓare ɓawon ruɓaɓɓen icce akan gan su shimfiɗe kamar saƙar gizo-gizo ko kaɗa. Suna iya shekaru a ciki ba a sani ba. Sai lokacin da laima ta wadata sa'an nan su tura abin nan da ake gani waje, wanda matsayinsa kamar na 'ya'ya ne ga itace. Aikinsa kawai shi ne ya watsa ƙurar iri, wato ƙananan ƙwayoyi miliyoyi da iska ke kwashewa. Wannan ne ya sa wanda ya kankare laimar ya yi tsammanin ya kashe abin, bai yi kome ba illa tsinke mangwaro ya bar bishiya.

Icce kuwa abubuwa biyu ne manya suka haɗa shi: selulos, wanda shi ne zaren, da liginin, wanda shi ne ƙaron da ke riƙe zaren ya ba shi tauri. Daga nan ruɓewa ta kasu gida biyu. In funfunar ta cinye liginin, iccen kan yi fari, ya yi laushi, ya riƙa sulluɓewa zare-zare kamar soso. In kuwa selulos ta cinye ta bar liginin, sai iccen ya yi ja-ja, ya tsattsage murabba'i-murabba'i kamar busasshen laka a bakin tafki, in an murza ya zama gari. Da duban launin ruɓar kaɗai, mai lura ya riga ya yi rabin aikin ganewa.

SURI DA MASU NOMANSA

Bahaushe bai rasa sunaye ga waɗannan halittu ba. Laimar kwaɗi ita ce mai kara da hula, wadda kan fito a juji ko a cikin ciyawa. Naman kaza shi ne sunan da aka fi ba wanda ake ci. Tumukun suri kuwa shi ne dogon nan mai kai kamar taɓarya, wanda kan tsaya a kan suri ko a busasshen fili, in ya tsufa aka fasa shi sai baƙar ƙura ta tashi. Masana na kiransa Podaxis pistillaris. Burtuntuna da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari, ita ma 'yar wannan gida ce, ko da yake a kan rayayyen tsiro take zama.

A ƙasa mai fari irin ta arewacin Kano, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, babbar mai cin mataccen icce gara ce. Wani bincike da N. M. Collins ya yi a dajin Mokwa, a Jihar Neja ta yanzu, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa gara kan kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na iccen da ke faɗuwa ƙasa kowace shekara. To, amma abin mamaki shi ne, garar da ke gina manyan suri ba ta iya narkar da iccen ita kaɗai. Takan tauna shi ta kai cikin suri, ta gina waɗansu ɗakuna masu kama da saƙar zuma da abin da ya ratsa cikinta, sa'an nan ta shuka wata funfuna a kai. Funfunar ta narkar da iccen, gara ta ci abin da ya narke. Wato dai gara manomiya ce, suri kuma gonarta ce da rumbunta. A cikin suri akwai laima da sanyi ko da a tsakiyar bazara, shi ya sa ruɓewar icce ba ta tsayawa a can ko da ta tsaya a sarari.

Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa wa wannan funfuna suna Termitomyces a 1942. Da damina takan huda ƙasa ta fito da naman kaza a gefen suri, wanda ake ci a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Alamominsa su ne tsini a tsakiyar hula, wanda da shi ya huda ƙasa, da kuma doguwar jijiya da in aka bi ta da haƙa za ta kai har cikin ɗakin gara. A Zambiya akwai irinsa da faɗin hularsa kan kusan kai mita guda.

MASU FITOWA A KAN KUTUTTURE

Wanda ya fi cancanta a fara sani shi ne Ganoderma. Ba shi da siffar laima. Yakan fito ne a gindin itace ko a kan saiwar da ta bayyana, kamar rabin faifai da aka manna. Samansa ja ne mai duhu, yana ƙyalli kamar an shafa masa man katako, bakinsa fari in yana cikin girma. Ƙarƙashinsa ba shi da ganye-ganye, sai ƙananan ramuka kamar hujin allura, in aka karce wurin da farce sai ya yi duhu. Tauri gare shi kamar katako, ba ya ruɓewa da wuri, har da rani akan same shi. Sau da yawa akan ga wata jar ƙura kamar garin koko ta rufe ganyaye da ƙasar da ke kewaye da shi, ƙurar irinsa ke nan. Wannan shi ke cin saiwa da gindin itace tun yana raye. A Malesiya da Indunusiya wani irinsa ne babbar cutar gonakin kwakwar manja, a ƙasar Sin kuwa an daɗe ana amfani da wani irinsa wajen maganin gargajiya.

Na biyu shi ne Schizophyllum commune, ɗan ƙarami mai siffar mafici, faɗinsa santimita 1 zuwa 4, launinsa toka-toka, samansa da gashi-gashi. Yakan fito da yawa a jere a kan matattun rassa da dirkoki da katakon da aka bari a ruwa. In aka juya shi aka duba da kyau, za a ga kowane layi na ƙarƙashinsa a tsage yake gida biyu. Hikimar wannan tsaga ita ce, in iska ta bushe sai layukan su naɗe su rufe wurin iri, in ruwa ya sauka su buɗe su ci gaba da aiki. Da wannan dabara ya yaɗu a kusan kowace nahiya, kuma ita ce ta sa yake jure yanayi irin na Bici. Ba a son a riƙa shinshina shi, domin an sha samun ƙurarsa ta tsira a cikin hancin mutum ko huhunsa, musamman ga wanda jikinsa ya yi rauni.

Na uku shi ne Daldinia, wanda kan fito kamar dunƙulen gawayi a manne da mataccen reshe. In aka raba shi da wuƙa za a ga zobba-zobba a ciki, wani cikin wani, kamar albasa. Busasshensa kan kama wuta da ɗan tartsatsi ya daɗe yana ci a hankali. Akwai kuma Pycnoporus sanguineus, siriri mai launin jan lemo mai haske, wanda ke son gungumen da rana ke duka. Sai Auricularia, mai kama da kunnen mutum, mai santsi da danƙo in ya jiƙa, in ya bushe ya ƙanƙance ya yi tauri; mutanen Sin suna noma shi suna ci. Sai kuma Lentinus squarrosulus, fari mai siffar mazurari da ɓawo-ɓawo a samansa, wanda kan fito tari guda a kan kututture, ana kuma cinsa a kudancin Nijeriya.

WANDA KE TAFIYA BA ƘAFA

Akwai wata halitta da ta rikita masana fiye da dukan waɗannan. Wani lokaci da safe, bayan daren da aka kwana ana yayyafi, akan ga wani abu ruwan ɗorawa, mai yauƙi, ya malale a kan ruɓaɓɓen kututture ko tarin kara ko juji. In aka sa masa alama aka dawo da la'asar, sai a tarar ya gusa. A wannan bayani za a kira shi yauƙin icce. An daɗe ana lissafa shi cikin dangin funfuna, domin shi ma yana fitar da ƙurar iri. Amma tun a 1859 wani masani Bajamushe, Anton de Bary, ya ba shi sunan da ke nufin funfuna mai halin dabba, yanzu kuwa an tabbatar cewa ɗan uwan amiba ne, ba shi da haɗi da naman kaza sai kama. Kama da wane kuwa ba ta wane. An san kimanin iri 1,000 nasa.

Bambancinsa da funfuna a bayyane yake. Funfuna tana cin iccen ne, shi kuwa yauƙin icce ba ya cin icce, farautar bakteriya da yis da sauran ƙananan halittun da ke kan iccen yake yi, yana lulluɓe su yana haɗiyewa. Dukan abin nan da ya malale, ko da ya kai faɗin tafin hannu ko faranti, ƙwayar halitta ɗaya ce tak mai ɗauke da cibiyoyi dubbai ko miliyoyi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma akan ga ruwan jikinsa yana gudu cikin jijiyoyi, ya yi gaba, ya tsaya, ya komo baya, da haka yake rarrafe, santimita ɗaya ko fiye a awa guda. In abinci ya ƙare sai ya hau wuri mai ɗan tudu ya rikiɗe cikin dare ɗaya ya zama ma'ajin iri. In kuwa fari ya rutsa da shi, sai ya ƙame ya zama busasshen ɓawo, ya jira ruwa wata da watanni.

A wannan mataki na ƙarshe ne ake gane irinsa. Fuligo septica shi ne mai kama da kwaɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya bushe kan zama dunƙule mai ɓawo, cikinsa baƙin gari. Stemonitis kan fito kamar tarin gashi ruwan ƙasa, kowane sili a kan siririn baƙin kara, tsawonsa bai fi santimita 2 ba. Arcyria kamar ƙananan soso ne ja ko toka-toka. Lycogala kuwa ƙananan ƙwallaye ne kamar ƙwayar wake, in aka huda ɗanye sai wani ruwa mai kauri ja-ja ya fito. Ba sa cutar da shuka ko dabba, in sun hau ganye ruwa kawai ya isa ya wanke su.

Wannan halitta marar ƙwaƙwalwa ta ba masana mamaki a ƙasar Japan. A shekarar 2000 Toshiyuki Nakagaki da abokan aikinsa suka sa wani irinta mai suna Physarum polycephalum a cikin wani akwati mai lunguna da yawa, suka ajiye abinci a ƙofofi biyu, sai ta janye jikinta daga lungunan da ba su ɓulle ba, ta bar jijiya ɗaya a kan hanya mafi gajarta. A 2010 kuma aka jera gutsattsarin hatsi 36 bisa tsarin garuruwan da ke kewaye da Tokyo, aka sake ta daga tsakiya, cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi ta haɗa su da jijiyoyi masu kama da tsarin hanyoyin jirgin ƙasa da injiniyoyi suka shimfiɗa a yankin.

YADDA AKE GANEWA

Mai son wannan aiki ba ya bukatar kaya masu tsada. Wuƙa, da gilashin ƙara girma na hannu, da littafin rubutu, da tsohuwar jarida, da kwalin ashana, da wayar hannu mai ɗaukar hoto sun wadatar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba, da sassafe, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. Wuraren dubawa kuwa su ne kututtura, da gindin shinge, da bakin rijiya, da lambuna, da fadamu, da wuraren noman rani irin na madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, inda laima ke daɗewa.

Tambaya ta farko ita ce: a kan me ya fito? A kan icce ne, ko ƙasa, ko suri, ko kashin shanu? In icce ne, wane iri, kuma rayayye ne ko matacce? Ta biyu: mene ne a ƙarƙashinsa, layuka ne kamar shafukan littafi, ko ramuka, ko sumul yake? Ta uku: yaya jikinsa, laushi kamar nama, ko danƙo, ko tauri kamar katako, ko kuwa yauƙi ne da ke manne wa yatsa? Ta huɗu: yana da kara? In yana da shi, akwai zobe a wuyansa, ko jaka a gindinsa? Domin haka ba a fizge shi, haƙo shi ake yi da gindinsa duka. Ta biyar: launinsa kan sāke in an yanka ko an murza? Dukan wannan a rubuta shi nan take tare da kwanan wata da sunan ƙauye, a kuma ɗauki hoton sama da ƙasa da gefe, domin launi kan gushe cikin 'yan awoyi.

Daga nan sai gwajin ƙura. A yanke hular a kifa ta a kan takarda, rabinta fara rabinta baƙa, a rufe da kofi, a bari ta kwana. Da safe za a ga ƙurar irin ta zuba ta zana siffar layukan. Launin wannan ƙura, ko fari, ko ja-ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, ko kore, yana daga cikin manyan shaidun da masana ke dogara da su. Bayan haka a shanya abin a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau, a sa a ambulan na takarda, kada a sa a leda domin zai ruɓe. Yauƙin icce kuwa, a yanko shi tare da ɗan ɓawon da yake kai, a manna a cikin kwalin ashana.

Ko da rani ma aikin bai tsaya ba. Akwai wata dabara da Gilbert da Martin suka bayyana a Amurka a 1933. A ɓanɓaro ɗan ɓawon rayayyen itace, kamar tsamiya ko gawo, a ɗora a kan takarda cikin kwano mai murfi, a zuba ruwa ya kwana, a tsiyaye, a rufe a ajiye a inuwa, a riƙa dubawa da gilashi kowane kwana biyu har mako huɗu ko fiye. Sau da yawa ƙananan irin yauƙin icce da ido bai taɓa lura da su ba sukan fito. Kowace makarantar sakandare tana iya yin wannan.

INDA HAƊARIN YAKE

Babban gargaɗi shi ne kan ci. Akwai wata laimar kwaɗi babba, fara, mai zobe a wuya da ɓawo-ɓawo a hula, wadda kan fito a filin ciyawa da wurin da taki ya yi yawa, ana kiranta Chlorophyllum molybdites. Ga ido kyakkyawa ce, har ta yi kama da waɗanda ake ci, amma wanda ya ci ta, cikin awa ɗaya zuwa uku amai da gudawa mai tsanani za su kama shi, abin da kan yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Shaidarta ita ce ƙurarta kore ce, layukanta ma kan koma kore-kore in ta tsufa. Akwai kuma waɗansu a duniya da dafinsu ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, a lokacin ya riga ya kama hanta. Dafa su ba ya kashe dafin. Zancen cewa wanda tsutsa ko akuya ta ci ba ya cutar da mutum ba gaskiya ba ne, hoto a waya kuma bai isa shaida ba. In an yi tsautsayi wani ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci, kada a jira a ga abin da hali zai yi.

Haɗari na biyu na itatuwa ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma funfuna, ta rauni take shiga: saran gatari a gindi, ko wutar da aka hura a jikin itace, ko ɓawon da masu magani suka ɗaye har zagaye, ko reshen da aka sare aka bar shi a yage yana tara ruwa. Binciken da malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka buga a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa manoman kewayen birnin suna tattalin itatuwan gonakinsu, sassabe rassa suke yi ba kayarwa ba. Wannan al'ada abin yabo ce, sai dai a kula a yi saran sumul, a karkace, kuma da rani. In kuwa aka ga Ganoderma a gindin itacen da ke kasuwa ko makaranta ko bakin hanya, to, babu maganin da zai mai da ruɓaɓɓiyar saiwa, sai a sanar da malaman daji na ƙaramar hukuma su duba tun kafin iskar farkon damina. In an sare, a tone kututturen a ƙone, domin cutar kan bi saiwa ta kama na kusa.

Na uku kuwa na gini ne da rumbu. Funfuna ba ta cin iccen da laimar cikinsa ba ta kai kimanin kashi 20 cikin 100 ba. Azarar giginya ta shahara wajen jure gara, amma soron da ke yoyo shekara da shekaru yana ba ruɓa dama a kan kowane irin katako. Gyaran indararo da yaɓe kafin damina ya fi sauya rufi sauƙi. Wannan ƙa'ida ta bushewa ita ce kuma ke kare amfanin gona. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa daga Brazil, aka gano cewa wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ce ta zuba dafi a ciki, dafin da ke jawo ciwon dajin hanta. Ƙasar Kano, wadda a lokacin dalar gyaɗarta ta shahara a duniya, abin ya shafe ta kai tsaye, masu bincike na Samaru kuma suka nuna muhimmancin busar da gyaɗa da wuri bayan cira. Har yau shawarar ba ta sāke ba.

AIKIN DA KE JIRAN ƊALIBAI

Tun a 1916 Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, wanda har yanzu ake komawa gare shi. Amma fitattun rubuce-rubucen farko kan naman kaza a Nijeriya a Kudu aka yi su: M. H. Zoberi, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya buga littafinsa kan na ƙasashe masu zafi a 1972, B. A. Oso na Jami'ar Ibadan kuma ya rubuta kan sanin Yarbawa game da su a 1975. Abin da Oso ya yi kuwa ba wani abu ba ne illa tattara sunayen da Yarbawa suke kiransu da amfanin da suke yi da su, ya rubuta.

Irin wannan aiki ne ya kamaci ɗaliban Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya da ke Bici, da na Jami'ar Bayero, da na makarantun sakandare na yankin. Kowane ɗalibi yana da kaka ko kawu a ƙauye wanda ya san abin da ke fitowa a kan surin gonarsu, da sunansa, da watan fitowarsa, da wanda ake taɓawa da wanda ake gudu. In malamin kimiyya ya ba kowane ɗalibi aikin kawo busassun samfura biyar bayan hutun damina, kowanne da hotonsa da sunansa na Hausa da sunan itacen da aka same shi a kai, aka kuma aika da su ma'adanar tsire-tsire ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Jami'ar Bayero domin masana su tantance, cikin damina uku ko huɗu za a tara abin da zai isa a buga ɗan littafi mai hotuna da Hausa, wanda malamin asibitin ƙauye da malamin daji da malamin gona za su riƙa dubawa.

Dattawan da ke riƙe da waɗannan sunaye suna raguwa kowace shekara, yauƙin icce kuwa kwana ɗaya ko biyu yake yi a kan kututture ya bushe iska ta kwashe. Wanda ke da niyya sai ya tanadi littafinsa da kwalin ashanarsa tun kafin ruwan Yuli ya zauna.